Kwalbar Asibi Ungozoma

A Yakasai, cikin shekarun da suka biyo bayan annobar sanƙarau, in mace ta durƙusa haihuwa ba a tsayawa shawarar wa za a kira. Asibi ake kira. Gajeriya ce, baƙa, mai ƙaramar murya da manyan hannuwa, tana ɗingisa ƙafar hagu tun wata faɗuwa da ta yi a bakin rijiya tana budurwa. Rabin samarin unguwar da ke yawo suna ɗaga kafaɗa, ita ta yanke musu cibi, ita ta fara wanke musu kashi. In ɗayansu ya kuskura ya wuce bai gaishe ta ba, a nan gaban jama'a za ta tuna masa.

A Dukawuya aka haife ta, ranar wata Asabar. Wajen kakarta ta koyi ungozomanci, tun tana riƙe mata ƙwaryar ruwa har ta kai ga riƙe reza. Aure ne ya kawo ta Yakasai, gidan Modu. Shi Modu kakanninsa daga Barno suka zo, danginsa duk malamai ne masu rubuta Alƙur'ani da ka, amma shi karatu bai zauna masa ba. Ya ƙare lebura cikin masu yaƙi da sauro, waɗannan da ke bin kududdufai da garwar magani a ka. Mutum ne mai sanyin hali, ba ka jin muryarsa sai in yana dariya.

Sau biyar Asibi ta haihu a gidansa, sau biyar Modu ya ɗauki ɗan ƙunshin likkafani a hannu ya fita da shi. Ko ɗaya bai kai yaye ba. Matar da ta raya 'ya'yan unguwa guda ta kasa raya nata, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa abin yana cinta ba. Sai da matar ƙanen Modu ta rasu a kan gwiwa ta bar jaririya, aka miƙo wa Asibi ita tun cibinta bai faɗi ba. Ita ce Lauratu. Da madarar akuya da kunu Asibi ta rene ta, ta goya ta har zanen goyo uku suka mutu. Duk wanda ya ce mata riƙo take yi, ranar sai ya ji abin da bai so ba.

Kifin kuwa, Modu ne ya kawo su. Wata shekara aka zo wa ma'aikatarsu da wasu 'yan kifaye cikin duro, aka ce a zuba a ruwa, wai tsutsar sauro suke ci. Modu ya ɗebi kaɗan a gwangwani ya taho da su gida, ya ajiye gaban matarsa yana murmushi.

Asibi ta leƙa ta taɓe baki. "Malam, wannan na miya ne ko na mene ne? Ai ko kyanwa ka ba wa sai ta raina ka."

"Ki dai zuba ido," in ji Modu. "Aikinki ne na kawo miki har gida. Waɗannan ba sa yin ƙwai, haihuwa suke yi."

"Haba Malam, da girmanka!"

Bai yi musu da ita ba. Ya je gwanjo ya samo wata ƙatuwar kwalba mai kusurwa huɗu da faɗin baki, ya wanke ta tas, ya shimfiɗa yashi a ƙasa, ya cika da ruwa, ya juye kifin a ciki, ya ɗora ta a kan wani tsohon turmi da aka kife kusa da tagar ɗaki. Da hantsi ya shigo ya bugi gilashin, sai Asibi ta matso ta zuba ido. Mazan ƙanana ne, ba su kai ɗan yatsa ba, amma jelarsu ja da ruwan goro da shuɗi, da ɗigon baƙi, babu biyu masu kama ɗaya. Matan sun fi girma, ruwan toka, ba ado ko kaɗan, sai ciki. Cikin nan ne ya kama Asibi. Kwana uku tana kallon wata mai ciki, ran na huɗu ta ce, "Wannan cikinta ya sauka, ba za ta kai gobe ba." Ilai kuwa, bayan azahar kifanyar ta raɓe a kusurwa tana karkarwa, wani ɗan abu ya faɗo daga jikinta a naɗe, ya warware, ido biyu da jela, ya yi sama da gudu. Asibi ta yi salati da ƙarfi. Ta ƙirga goma sha ɗaya.

Tana cikin murnar ne uwar ta juyo, ta buɗe baki ta haɗiye ɗaya. Ta sake juyowa ta haɗiye wani.

Ranar Modu ya ga fushin da bai taɓa gani ba. Asibi ta zazzage wa kifanyar zagi kamar mai ji, ta ce Allah ya ba ki kin cinye, wasu suna nan suna nema da hawaye. Ta ɗauko ludayi ta bi 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ta kwashe su zuwa kasko. Daga ranar ta ɗauki aikin. Ta gano cewa in aka sa kainuwa a saman ruwan, 'ya'yan sukan ɓuya cikin saiwoyinta. Ta gano ruwan famfo ba ya karɓar su sai ya kwana a randa, ruwan rijiyar gidan kuwa, duk da zartsinsa, lafiya lau. Tana tankaɗe musu dusa mai laushi, tana kwaso musu tsutsar sauro daga tsofaffin tukwane. Da ta ga baƙin tabon da ke gefen cikin mace ya ƙara duhu, sai ta ajiye ludayi kusa. Ba ta taɓa ɓoye kwalbar ba. Tana ƙuryar ɗaki ne kawai, inda baƙi ba su cika shiga ba.

Sanƙarau ya ɗauki Modu a bazarar 1951, kwana biyu tsakanin ciwon kai da kabari. Wata huɗu da kwana goma na takaba, Asibi ba ta fita yankan cibi ba, ba ta je ko'ina ba. Ita da Lauratu da kwalbar nan suka yi zaman. In kuka ya taso mata ba ta son yarinyar ta gani, sai ta juya fuska wajen kifin ta ce tana duba mai ciki. Abin da Modu ya bari kenan, sai garwarsa da buzun salla.

Bayan shekara biyu aka aurar da Lauratu ga Maharazu, wani baduku mai kunya da ke lungu na uku daga gidan. Da damina ta 1954 ta kama, cikinta ya shiga wata bakwai, aka dawo da ita gida goyon ciki kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Asibi ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi. Ta tara itace har ya kusa kai katanga, ta sayi sabuwar tukunyar wanka, ta tanadi kanwa da kayan yaji. Maharazu ma ya aiko a gaya mata, in namiji ne sunan Modu za a mayar.

Sai dai daminar ba ta zo wa unguwar da sauƙi ba. Jarirai biyu da Asibi ta yanke wa cibi, ɗaya a gidan mahauta ɗaya a gidan wani maɗinki, suka sandare suka mutu kafin ranar suna, tsakaninsu mako uku. To, jarirai dai suna mutuwa tun kafin a haifi Asibi, kowa ya sani. Ɗaruruwan da suka rayu a hannunta ba wanda ya zauna ya lissafa, amma biyun nan kowace mace ta riƙe su a ka. Ba a ce komai ba tukuna. Ana dai kallon juna in an ambaci sunanta.

Lauratu ta sauka ranar Alhamis da hantsi, namiji, ƙato, mai gashi. Asibi ta yanke cibi da hannunta. Ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta wanke yaron, ta hura wutar ruwan wanka. Aikin jego ya sha kanta, har ta manta da wata babbar kifanya da ta kwana biyu tana raɓewa a kusurwa.

Washegari Juma'a, uwar Maharazu ta zo barka. Sunanta 'Yardada, doguwar tsohuwa mai yawan tsarki da yawan tsoro, wadda ko ƙadangare ya kalle ta sai ta yi addu'a. Ba muguwa ba ce, a faɗi gaskiya. Jikanta na fari ne, kuma ita ma ta binne nata 'ya'yan. Aka shigar da ita har ƙurya, aka shimfiɗa mata tabarma daidai gindin turmin. Tana riƙe da jaririn idonta ya kai kan kwalbar, a daidai lokacin da kifanyar nan ta saki ɗa. 'Yardada ta ga ɗan abu mai ido biyu ya fito daga cikin kifi da ransa. Kafin ta rufe baki, ta ga uwar ta juyo ta haɗiye shi.

"Asibi," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "mene ne wannan?"

"Af, ja'ira, ta sauka ban sani ba!" in ji Asibi, ta zaburo da ludayi. "Kifi ne, marigayi ya bar mini. Haka suke, haihuwa suke yi. In ban raba su ba sai ta cinye su."

"Kifi. Yake haihuwa."

"Wallahi kuwa. Matso ki gani, har ido gare su."

'Yardada ba ta matso ba. Ta miƙa wa Lauratu jaririn, ta jawo mayafi, ta ce ta bar tukunya a wuta. Ko furar da aka dama mata ba ta taɓa ba.

Wanda bai tashi a cikinmu ba sai ya ce me aka yi a nan? To, ga abin da aka yi. Mutane sun yarda mayya tana kama kurwar mutum, ta mai da ita wani ɗan ƙaramin abu mai rai, ta ɓoye a ƙarƙashin tukunya ko cikin gora. Mai kurwar sai ya kwanta ciwo yana ramewa. In ta sake ta ya tashi, in ta cinye ya mutu. Kowa kuma ya san kifi ƙwai yake yi, tun daga tarwaɗa har ƙarfasa. Saboda haka 'yan abubuwan nan masu ido biyu da ke yawo cikin kwalba a ƙuryar ɗakin ungozoma, a idon 'Yardada ba kifi ba ne. Ta kwana da abin a ranta, ta faɗa wa mace ɗaya tak, ta ce kada ta gaya wa kowa. Kafin rana ta faɗi ran Asabar babu gidan da bai ji ba. Nan da nan aka tuno jariran nan biyu. Aka tuno 'ya'yan Asibi biyar. Har uwar Lauratu da ta shekara goma sha bakwai a ƙasa aka tono, aka ce a hannun wa ta mutu?

Ran Lahadi da safe jaririn ya tashi da jiki zafi rau, ya ƙi kama nono. Asibi ta duba cibi, lafiya ƙalau, ba ja ba wari. Ta taɓa wuya da muƙamuƙi, ba su ƙage ba. Ta ce wa Lauratu zazzaɓi ne, a yi ta ɗiga masa nono a baki, zai sauka in Allah ya so. Ba ta rufe baki ba sai ga 'Yardada da mata biyu, ko sallama ba su yi ba.

"Mun zo ɗaukar yarinya da ɗanta."

"Ɗauka kuma? Mai jegon kwana uku? Ga ruwan wankanta can yana tafasa."

"A can ma akwai itace."

"Me na yi muku, 'Yardada? Ki faɗa mini a fuskata."

'Yardada ba ta dube ta ba. Ta naɗe jaririn cikin zanenta, ta bi ta gefen da ya fi nisa da kwalbar, ɗaya daga cikin matan tana tofe-tofe tana cewa kurwata kur. Sai a lokacin Asibi ta gane. Ta zauna a dokin ƙofa. Lauratu ta fito tana kuka tana waiwaye, aka riƙe ta hagu da dama aka fita da ita. Ruwan ya yi ta tafasa a kan murhu har itacen ya cinye.

Unguwa ta juya mata baya cikin yini ɗaya. Maƙwabciyar da kullum ke aikowa ɗiban garwashi ta daina. Mai koko ta ce ya ƙare alhali tukunya a cike take. In Asibi ta leƙo zaure, sai ka ji iyaye mata daga cikin gidaje suna ƙwala wa yara kira. Mutanen da ta gani tsirara ranar da suka zo duniya, yau su ne ke sauya hanya. Tir da wannan hali, wallahi.

Mutum ɗaya ne ya tako gidan, Malam Isyaku limamin masallacin lungun, abokin Modu tun suna yara. Ya tsaya a zaure ran Litinin bayan la'asar, ta durƙusa daga bayan ƙofa ta gaishe shi.

"Allah gafarta Malam, a kawo Alƙur'ani in dafa. A gaban kowa."

"Na san ba ki yi ba, Asibi. Ina wurin Modu ya kawo kifin nan, har ni ya yi wa tayi. Na faɗa a masallaci, maza sun gyaɗa kai, sun koma gida matansu sun juya su. Abin da ya kawo ni daban ne. Za a zo a ce ki zubar da su a ruwa, wai ki saki kurwar yaron. Kada ki yarda."

"In zubarwar za ta kashe maganar fa, Malam?"

"Ba za ta kashe ba. Kina zubarwa kin amsa laifin. In yaron ya mutu, su ce dama kin riga kin cinye. In ya tashi, su ce ga shi nan, da ta sake shi ya warke. Wannan na biyun ya fi muni, don daga ranar babu rantsuwar da za ta wanke ki. Ki zauna a ɗakinki, ki riƙe kifinki. Ciwo na Allah ne, sauƙi ma nasa ne. In yaron ya tashi kifin suna nan a kwalba, kunya za ta ishe su."

Asibi ta ga gaskiyar maganar sarai. Shekara talatin da ɗoriya tana wannan aiki, ba ta da gona, ba ta da ɗa namiji, sunanta shi ne abincinta, shi ne kuma dalilin da ya sa ake buɗe mata kowace ƙofa. Ta ce wa Malam ta ji, ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta zubar ba. Da 'Yardada ta aiko da saƙon, Asibi ta ce a gaya mata ba ta kama kurwar kowa ba balle ta saki.

Ran Talata, rana tsaka, tana zaune tana tankaɗen dusa, ta ji ana jan ƙafa a zaure. Lauratu ce. Mai jegon kwana biyar, wadda ko tsakar gida bai kamata ta daɗe ba, ta ratso lungu uku ita kaɗai tana dafa bango, ba takalmi. Nono ya jiƙa mata gaban zane. Ta zube a gaban Asibi ta kama ƙafarta, ƙafar nan mai ɗingishi.

"Ke Laure, kin haukace? Iska za ta shige ki! Tashi, tashi ki shiga ɗaki."

"Inna, ko kuka ya daina."

"Kuna ɗiga masa nonon?"

"Muna ɗigawa. Inna, ki taimake ni."

'Yar da aka yi wa tarbiyya, wadda kunyar ɗan fari ta hana ta ko kallon yaron a gaban mutane, yau ga ta tana cewa ɗana, ɗana, ba ta ma san tana faɗa ba. Asibi ta riƙe fuskarta da hannu biyu.

"Dube ni nan. Ni na goya ki. Tare muka ciyar da kifin nan, ke kike kwaso musu tsutsa. Kin yarda da abin da ake faɗa?"

"Ban ce ke ce ba, Inna. Wallahi ban ce ba." Ta sunkuyar da kai. "Amma ki sake su. Ko ma mene ne, ki sake su. In ba komai ba ne, ai ba a yi asarar komai ba."

Ba a yi asarar komai ba! Asibi ta buɗe baki za ta maimaita mata abin da Malam Isyaku ya faɗa, sai ta fasa. Ta san wannan idon. Sau biyar ita ma ta kalli mutane da irinsa, lokacin da ko ƙasa aka ce ta ci ɗanta zai tashi, da ta ci. Ta kuma san in ta ƙi, yaron ya mutu, Lauratu za ta rayu tana cewa Inna ta zaɓi kifi a kan ɗana. Wannan kam ba za ta iya ɗauka ba.

"Je ki gida," ta ce. "Ki rufe ƙirjinki. Ki ce musu su fito su gani."

Ta rage ruwan kwalbar da ludayi har ya koma rabi, ta naɗa gammo, ta yi bisimilla ta ɗora a ka. Ta fito ta miƙi hanyar kududdufin da ke wajen Ƙofar Nassarawa, inda Modu ya saba aiki. Duk takun da ta yi da ƙafar hagu sai ruwan ya fantsalo mata a wuya. Rana tana dukan gilashin, kifin suna walƙiya ja da shuɗi a saman kanta, abin gwanin kyau, ba wanda ya ga kyan. Maza suka bar rumfuna suka biyo ta daga nesa, mata suna leƙe ta kan katanga. Malam Isyaku yana bakin masallaci, da ya hango ta sai ya sunkuyar da kai ya shige ciki.

A bakin ruwan ta durƙusa, ta karkata kwalbar a hankali yadda ba za su bugu ba. Suka fita, manya da ƙanana, suka ɗan tsaya a gefe kamar ba su san inda za su ba, sannan suka shige ƙarƙashin kainuwa. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Duka dai!" Asibi ta miƙe ta kife kwalbar ta ɗaga sama, yashin Modu ya zubo, kowa ya ga babu saura. Ta ajiye ta nan bakin ruwa ta juya gida, mutane suna darewa suna ba ta hanya.

Da ta shiga ɗaki ta yi alwala ta hau buzun mijinta. Ta san sarai abin da tashin yaron zai jawo mata. Duk da haka abu ɗaya ta roƙa, ta yi ta maimaitawa har goshinta ya yi zafi: Allah ka tashi ɗan Laure.

Ran Laraba da hantsi zazzaɓin ya sauka, kamar yadda zazzaɓi kan sauka, kamar yadda ta faɗa tun ran Lahadi. Yaron ya yi kuka, ya kama nono. Asibi ta jiyo guɗa daga lungu na uku, ta fahimci ma'anarta, ta faɗi ta yi sujada tana hawayen farin ciki na gaskiya. Sai da ta ɗago ta ji wata mata a bayan katanga tana ce wa wata, "Kin gani ko? Jiya ta sake shi, yau ya tashi."

Ran Alhamis aka raɗa suna, ba a aiko mata ba. Ba a mayar da sunan Modu ba, Mustafa aka sa. Da yamma ta ji motsi a zaure, ta fito ta tarar da kan rago da ƙafafu cikin sabon kwano, rabon ungozoma kamar yadda aka saba. Daga waje muryar 'Yardada ta ce, "Ga hakkinki nan, ba mu ci miki ba. Kwanon ma ki riƙe."

Ba a sake kiran Asibi yankan cibi ba, ko sau ɗaya. Wata mata daga wata unguwa ta karɓi aikin, jarirai suka ci gaba da rayuwa da mutuwa kamar da. Asibi ta koma kaɗi, tana kai zaren can cikin kasuwa inda ba a san fuskarta ba. Rezarta ta yi tsatsa a cikin lefe. Kifin kuwa suka yi ta haihuwa a kududdufin har gefen ruwan ya cika da su, iyaye suna hana yara taɓawa. Takan je can bayan la'asar da 'yar dusa a gefen zane, ta zauna nesa da masu wanki. Lauratu ta sake haihuwa sau biyu, Asibi a bakin mutane ta ji. Da salla akan aiko mata da tuwo, kullum a kwanon da ba a dawowa karɓa.

Shekara biyar ta yi a haka kafin ta rasu, a ɗakinta, Malam Isyaku ya yi mata salla da mutum shida a bayansa. A cikin shekarun nan sau ɗaya ta ga yaron. Tana zaune a bakin kududdufin, sai ga Lauratu ta biyo hanyar za ta gaisuwar rasuwa, da goyo a baya, Mustafa yana gaba yana tsalle, ɗan shekara huɗu, daga shi sai ɗan wando. Ya hango kifin ya rugo bakin ruwa, ya tsaya dab da Asibi, har tana jin numfashinsa. Lauratu ta ƙaraso da sauri ta kamo hannunsa. Ta durƙusa har ƙasa, daga ɗan nesa.

"Inna, ina wuni."

"Lafiya lau, Laure. Ya yaran?"

"Lafiya lau."

Asibi ba ta miƙa hannu ba, ta san ba a so. Idonta kawai ta kai kan cikin yaron, yadda mai sana'a kan duba aikinsa. Cibin ya shige ciki tsaf, bai turo ba, bai karkace ba. Shi ne na ƙarshe da ta yanke a duniya.

"Cibin ya yi kyau," ta ce.

Lauratu ta ce, "Ya yi, Inna." Sannan ta jawo gefen mayafinta ta rufe cikin yaron.